Tsohon lens na hannu ko zum: wanne za a ɗaura wa kyamarar dijital?

Tambaya: Ina da kyamarar dijital marar madubi, mai sensa APS-C (sensa ita ce farantin da ke kama hoto a madadin fim), da zum 18-55mm f/3.5-5.6 da ta zo da shi. Na gaji tsofaffin lens guda uku na zamanin fim, samfurin Super-Takumar na kyamarorin Pentax: 28mm f/3.5, 50mm f/1.4 da 135mm f/3.5, duk da hannu ake yi musu fokas. Wasu sun ce mini sun fi zum ɗina nesa ba kusa ba, wasu kuma sun ce wahalar banza ce. In ajiye zum ɗin in koma kansu?

Amsa: Ɗan'uwa, kar ka ajiye zum ɗin, kar kuma ka mayar da waɗannan ukun cikin akwati. A cikinsu akwai ɗaya da zai yi maka abin da zum ɗinka ba zai taɓa iyawa ba, akwai na biyu da zai kai ka inda zum ɗin bai kai ba, sai na uku wanda, in gaya maka gaskiya, da wuya ya ƙara maka wani abin kirki a kan wannan kyamarar. Zan zo kan kowanne. Amma bari mu fara warware musun da aka bar ka a tsakiyarsa, domin masu yabon da masu kushen babu wanda ya yi maka ƙarya, kowa dai abin da yake nufi daban.

Duk wanda ya ce "tsohon lens ko zum", tambayoyi uku ya cusa a buhu guda. Akwai maganar lens mai tsawo ɗaya tak da wanda yake miƙewa yana dawowa. Akwai maganar fokas da yatsu da wanda ɗan inji ke yi maka. Akwai kuma maganar gilashin shekarun 1960 da gilashin yau. Mai yabo yawanci ta farkon ce ta burge shi: ya ɗaura 50mm, bayan hoto ya narke, fuska ta fito ita kaɗai, sai ya ce ai kayan da sun fi na yanzu. Alhali ba tsufan ne ya ba shi wannan ba, faɗin ƙofar haske ne, kuma sabon 50mm f/1.8 mai yin fokas da kansa zai ba shi kusan haka. Mai kushe kuwa ta biyun ce ta ƙona shi: ya ɗauki hoto talatin, ya dawo ya tarar rabinsu a kunne fokas ya sauka maimakon ido.

Haske shi ne babbar hujjar 50mm ɗinka, kuma lissafinsa ba wuya. Lambar f ba komai ba ce illa tsawon lens an raba shi da faɗin ƙofar da haske ke bi. Raba 50 da 1.4, ka sami ƙofa mai faɗin kusan milimita 36. Zum ɗinka kuwa, idan ka miƙa shi wajen 50mm, iyakar buɗewarsa f/5.6 ce ko dab da ita, wato ƙofa ta kusan milimita 9. Faɗi ya ninka sau 4, fili kuwa sau 16. Ke nan a ɗakin da zum ɗin ya tilasta maka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 6400, hoto ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi, Takumar zai ba ka shi a ISO 400. Ko kuma, inda zum ya ce sai an bar shata, wato labulen da ke buɗe wa sensa haske, a buɗe na kashi 1 cikin 15 na daƙiƙa, shi zai yarda da kusan kashi 1 cikin 250. Kar wani ya ce maka ai zum na da na'urar hana girgiza, don haka an yi canjaras. Wannan na'urar rawar hannunka take gyarawa. Ba ta tsayar da mutumin da ke magana yana kaɗa kai, ba ta tsayar da yaro mai tsalle. Wannan sai saurin shata, shi kuwa da haske ake sayen sa.

To amma in kaifin hoto ake nufi da "ya fi", a nan sai na ɗan taka wa masu yabo birki. Buɗe Takumar ɗin nan har f/1.4 ka faɗaɗa hoton a kwamfuta, za ka ga wani ɗan hazo-hazo kewaye da duk abin da ke da haske, gefen farin abu ya yi ja-ja ko shuɗi-shuɗi, kusurwoyi sun yi duhu sun yi laushi. Rufe shi zuwa f/2, hazon ya ragu. A f/2.8 ya fito tar, kuma har a nan hasken da yake shigarwa ya ninka na zum sau 4. Daga f/5.6 zuwa f/8 kuwa, in aka jera maka hotunan biyun ba a gaya maka ba, sai ka yi da gaske kafin ka ce ga na wane. Na sha gwada wannan da mutanen da ke rantsuwa da tsohon gilashi, kuma canki-canki suke yi.

Baƙin jinin zum tsohon labari ne da ya ƙi mutuwa, kuma yana da asali. Zum na farko da aka yi wa kyamarar hoto mai fim 35mm shi ne Voigtländer Zoomar 36-82mm f/2.8 na 1959. A 1963 Nikon ya fitar da 43-86mm f/3.5, wanda ya sayu sosai, amma har yau ana buga misali da shi wajen lanƙwasa miƙaƙƙen layi da cika hoto da ƙyalli. Duk wanda ya koyi ɗaukar hoto a wancan zamani ya tashi da sanin cewa zum sauƙi yake sayarwa, inganci yake karɓa. A lokacin gaskiya ne. Matsalar daga yawan gilashi take: zum na bukatar gilasai da yawa da ke motsi rukuni-rukuni, kuma kowace fuskar gilashin da ba a shafa wa komai ba tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya doke ta. Wannan hasken da ya ɓata hanya shi ke yawo a cikin lens yana wanke baƙi ya koma toka-toka. A 1935 Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya samo dabarar shafa wa gilashi wani siririn rufi da ke rage wannan asarar. Sai a 1971 Asahi, masu Pentax, suka fito da rufi mai hawa-hawa da suka kira SMC, sauran kamfanoni ma kowa ya zo da nasa. Daga nan ƙofa ta buɗe wa zum. Aka ƙara da lissafin kwamfuta, da gilasai masu lanƙwasa ta musamman, da waɗanda ba sa warwatsa launi. Dubi Canon EF 24-70mm f/2.8L II na 2012: gilasai 18 ne a cikinsa, nauyinsa giram 805, kuma a f/2.8 zai kunyata yawancin tsofaffin lens a kusurwoyin hoto. Takumar ɗinka gilasai 7 ne ko 8, ya danganta da shekarar da aka yi shi, kuma bai kai giram 300 ba. Naka zum ɗin ba ajin wancan ba ne, amma ɗan zamani ɗaya ne da shi, kuma yana da wani mataimaki a ɓoye: kyamarar ta san shi, don haka tana miƙe masa layin da ya lanƙwasa, ta haska masa kusurwoyi, ta goge masa launin da ke fitowa a gefen abu tun kafin ka ga hoton. Tsohon lens ba ya samun wannan gata. Yadda ya zana haka za ka gani.

Ka lura kuma da sunan da ke rubuce a gaban naka. Super-Takumar ne, ba Super-Multi-Coated ba, wato kafin rufin 1971 aka yi su. In rana ko fitila ta doki gaban gilashin, hoto zai dusashe nan take. Hular kare haske da ake murɗawa a gaban lens, ko ma tafin hannunka ka yi masa inuwa, za ta gyara fiye da rabin wannan. Wasu kuma dusashewar suke nema da gangan, don tana sa fata ta yi laushi, hoto ya yi kamar na tuna baya. Wannan zaɓi ne, ba inganci ba, kuma ni ba na ganin laifinsa muddin mutum ya san abin da ya zaɓa. Dalilin da ya sa ake rububin Helios 44-2 58mm f/2 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet ke nan, wanda aka kwaikwayo daga Biotar na Zeiss: bayan hoto yake murɗawa kamar guguwa. A wurin injiniya aibi ne, a wurin mai hoto ado.

Yanzu batun ɗaurawa, kuma a nan ka taki sa'a. Kowane lens an gina shi ne don ya zauna a wata ƙayyadaddiyar tazara daga fim. Naka masu baki ne irin M42, wanda ake murɗawa kamar marfin kwalba, kuma tazararsu milimita 45.46 ce. Kyamara marar madubi siririya ce: a Sony E tazarar milimita 18 ce, a Fujifilm X 17.7, a Canon RF 20, a Nikon Z 16. Don haka adafta ba wani abin mamaki ba ce, bututun ƙarfe ne fanko da ke cike gurbin milimita ashirin da wani abu da ya rage. Babu gilashi a cikinta, ba ta taɓa hoto. Tun da Panasonic ya fitar da Lumix G1 a 2008, sannan Sony ya biyo da A7 mai cikakkiyar sensa, wato mai girman fim 35mm, a 2013, lens ɗin da aka yi shekaru ana mantawa da su a durowa suka farfaɗo, kuma wannan lissafin ne sila. Masu kyamara mai madubi su ne ke shan fama. Tazarar Nikon F milimita 46.5 ce, ta fi ta M42 tsawo, don haka lens irin naka ba zai ga nesa a kanta ba sai da adafta mai gilashi, wadda ke rage kyan hoto. Haka Canon FD mai 42 yake a kan Canon EF mai 44, tun da kamfanin ya sauya baki a 1987. Ga kuma tagar leƙen irin waɗannan kyamarori an yi ta ne don haske, ba don fokas da ido ba, har ba ta nuna bambanci sosai tsakanin f/1.4 da f/2.8. Kai duk wannan bai shafe ka ba.

Abin da zai shafe ka ƙananan saiti ne da ke sa sabon shiga ya ɗauka adaftarsa ta lalace. Kyamara ba ta jin lens ɗin, tunda babu waya tsakaninsu, saboda haka sai ka shiga cikin saiti ka ba ta izinin ɗauka ba tare da lens ba, in ba haka ba ka danna ta ƙi. Sa ta a tsarin ɗauka na A, kai ka zaɓi ƙofar haske da zoben lens, ita ta zaɓi saurin shata. A jikin Takumar akwai ɗan makunni mai Auto da Man. Tura shi Man, don ganyayyakin ƙofar su riƙa rufewa da zarar ka juya zobe. In kyamararka na da hana girgiza a jikinta, sai ka rubuta mata tsawon lens da hannu duk lokacin da ka sauya. Wannan kam kowa na mantawa. Ka bar ta a 135 ka ɗaura 28, ita da kanta za ta girgiza maka hoton. Kuma ka sani bayanan hoton ba za su nuna lens ko lambar f da ka yi amfani da ita ba.

Sai abin da masu yabo ba su cika faɗa ba, wanda shi ne ya raba darajar lens ukun nan naka. An yi su ne don fim mai milimita 36 a 24. Sensarka ta fi wannan ƙanƙanta, tsakiyar hoton kawai take kamawa, don haka sai ka ninka tsawon da 1.5 (ko 1.6 in Canon ce) ka ga abin da zai kama a zahiri. 50mm ya koma kamar 75mm: tsawon hoton fuska ke nan, ga f/1.4, wannan shi ne zinariyar gadonka. 135mm ya koma kamar 200mm, nisan da zum ɗinka, wanda ya tsaya a kusan 82mm, bai san da shi ba. Yana da kyau ƙwarai tun daga f/3.5, domin lens mai matsakaicin tsawo irin wannan tun da daɗewa aka gama sanin yadda ake gina shi. Sai dai ka kiyaye saurin shata kar ya gaza kashi 1 cikin 200 in a hannu kake riƙe da shi, gara ma 1 cikin 400. Shi kuwa 28mm, wanda a zamaninsa shi ne mai faɗin gani, ya koma kamar 42mm, ba faɗi ba tsawo. Zum ɗinka a 28mm yana buɗewa kusan f/4, wato bambancinsu a haske bai taka kara ya karya ba, ga shi zum ɗin na da fokas da kansa. Mafi muhimmanci, 18mm na zum ɗinka, wanda yake kama kamar 27mm, babu ko ɗaya cikin ukun da zai maye gurbinsa. Ranar da ka shiga ƙaramin ɗaki, ko ka tsaya gaban dogon gini, ko aka ce ka haɗa mutum goma sha biyar a hoto ɗaya bango na bayanka, zum ɗin nan da ake rainawa shi kaɗai zai fitar da kai kunya. Akwai adafta mai gilashi da ke tattaro hoton ta matse shi kan ƙaramar sensa, irin Speed Booster da Metabones ya fitar a 2013, mai ninki 0.71, tana dawo da kusan duk faɗin har ta ƙara haske ninki biyu. Tana aiki, amma ba zan ce ka fara da ita ba.

Mu zo ga fokas, inda ake yin ta ko a bar ta. A kan sensarka, 50mm a f/1.4, mutum na tsaye mita 1.5 daga gare ka, abin da zai fito tar daga gaba zuwa baya bai wuce santimita 5 ba. Faɗin yatsu uku ke nan. Ya ɗan sunkuyo, ko kai ka ja numfashi ka yi baya, ido ya fita, gira ko kunne ya shiga. Sabbin kyamarori na gano ido su bi shi sau da yawa a daƙiƙa guda. Kai da yatsu biyu kake takara da wannan. Abin da ke taimakonka shi ne an gina tsohon lens don hannu. Zoben fokas ɗinsa ƙarfe ne a kan ƙarfe da giris a tsakani, yana juyawa mai nisa, fiye da rabin da'ira, yana tsayawa cak a ƙarshe, kuma wuri ɗaya kullum nisa ɗaya ne. Zoben yawancin sabbin zum kuwa ba ya haɗe da gilashi, saƙo kawai yake aika wa inji. Shi ya sa wanda ya gwada fokas da hannu a kan zum ya ji haushi bai ɗanɗana abin da ake magana a kai ba.

Kyamararka na da mataimaka biyu. Na farko launin da ke bin gefen duk abin da ya shiga fokas, ja ko rawaya. Yana da sauri, amma yana da zuƙi-ta-malle: a f/1.4 zai haska maka fuska gaba ɗaya alhali hanci ne kawai ya fito. Na biyu faɗaɗa wani yanki na hoto a tagar leƙe, sau biyar ko goma. Wannan ba ya ƙarya. Ɗora shi a kan wani maɓalli da babban yatsanka ke kaiwa ba tare da ka ɗaga ido ba. Yadda nake yi: in kusanto da launi, in faɗaɗa kan idon da ya fi kusa da ni, in gyara, sannan maimakon in ci gaba da murɗa zobe sai in riƙa ɗan karkata jikina gaba ko baya, in ɗauki uku a jere. In haske ya yi ƙasa kuma ina son f/5.6, sai in yi fokas a buɗe, inda kuskure ke bayyana, sannan in rufe ina ƙirga ƙarar zoben. Ga abin da ke tafiya kuwa, ba a bin sa, tare shi ake yi: zaɓi wurin da zai bi, yi fokas a nan, jira ya iso. Da haka aka ɗauki wasannin motsa jiki shekara da shekaru kafin Minolta 7000 ta 1985 ta sa fokas na inji ya zama ruwan dare. Hoton yarinyar nan 'yar Afganistan da Steve McCurry ya ɗauka a 1984, wanda ya fito a bangon National Geographic a 1985, da Nikkor 105mm f/2.5 na hannu aka yi shi. Sai dai a tuna, yarinyar a zaune take tana kallon sa.

A nan ne ma 28mm ɗinka yake da ɗan abin cewa. Rufe shi f/8, ka ajiye fokas a mita 5, komai daga kusan mita 2.5 har iyakar gani zai fito. Ba jira, ba neman fokas, ɗaga ka danna. A kan titi babu injin da ya fi wannan sauri. Layukan da aka zana a jikin lens don wannan aikin ne, amma da fim aka auna su, don haka in kana f/8 ka karanta layin f/5.6.

Ni kaina sai da na sha kunya kafin na san iyakar abin. Akwai lokacin da na kamu da son wani tsohon 50mm har na je ɗaukar taron ba da lambar yabo da shi kaɗai, na bar zum a gida don in nuna gwaninta. Hotunan mutane a zaune sun yi kyau har na ji daɗi. Da aka fara kiran suna, kowa ya taso, ya miƙa hannu, ya karɓa, ya juya, duk a cikin daƙiƙa uku, kuma ba a maimaitawa. Ba ni da wurin ja da baya, ba ni da lokacin faɗaɗa ido. Na dawo da hotuna masu kyan launi na mutanen da fuskarsu ta yi dishi-dishi, labulen bayansu kuwa ya fito har ana ƙirga zarensa. Tun daga ranar, tambayar da nake yi kafin in zaɓi lens ita ce: abin da zan ɗauka zai jira ni? In zai jira, kamar fuskar wanda ya zauna domina, ko fure, ko gini da daddare, tsohon lens nake ɗauka. In ba zai jira ba kuma ba zai sake faruwa ba, zum.

Za ka ji ana cewa mai lens ɗaya da ƙafarsa yake zum. Rabin gaskiya ce. Takawa gaba ba daidai take da miƙa zum ba: in ka matsa, girman abin da ke kusa da na nesa yana sauyawa, hanci ya ƙara girma, dutsen baya ya ƙanƙance, in ka miƙa zum kana tsaye, yanke hoton kawai ka yi. Wurin tsayuwa ne ke tsara hoto, tsawon lens yana yanka shi. Amfanin lens mai tsawo ɗaya shi ne yana tilasta maka neman wurin tsayuwa, har idonka ya saba, ka riƙa ganin hoton kafin ka ɗaga kyamara. Amfanin zum shi ne bakin kogi, bayan shinge, ko kujerar da ba ka da ikon tashi daga kanta. Ga kuma ƙura: kyamara marar madubi sensarta a fili take, duk sauyin lens ƙofa ce ka buɗe mata. Kashe kyamarar, kifa bakinta ƙasa, ka yi sauri.

In bidiyo kake yi, ma'aunin ya ɗan karkata wajen tsofaffin, saboda zoben nan mai santsi yana ba ka damar janye fokas daga wannan fuska zuwa waccan a hankali, yadda kake so, ba tare da inji ya yi ta kai da komo ba.

Kafin komai dai ka duba lafiyarsu, tunda sun haura shekara 50. Cire marfin gaba da na baya, buɗe ƙofar gaba ɗaya, haska tocila ta baya kana kallo ta gaba a karkace. Ƙura za ka gani, ko sabon lens na da ita, kar ta dame ka. Abin tsoro shi ne zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, wannan fumfuna ce, tana tsira a inda danshi da duhu suka haɗu, kuma in ta daɗe tana cin rufin gilashi ta bar tabon da ba ya gogewa. Sai hazo mai kama da tururi a fuskar gilashin ciki, wanda yake fitowa daga tsohon giris. Ya fi 'yar ƙarzuwa a gilashin gaba ɓata hoto, nesa ba kusa ba. Juya zoben ƙofa ka ga ganyayyakin a bushe suke suna rufewa da sauri, ba su jiƙe da mai ba. Kar ka ajiye su cikin tsohuwar jakar fatarsu, fata na riƙe danshi. Akwati mai rufewa ruf da 'yan ƙunshin sinadarin tsotse danshi ya fi.

Ɗora 50mm ɗin a kan farar takarda ka leƙa. In ka ga ya yi rawaya kamar ruwan shayi, ba datti ba ne. Yawancin Super-Takumar 50mm f/1.4 an sa sinadarin toriyam a gilashinsu na baya don ya ƙara ƙarfin lanƙwasa haske, kuma ɗan tururin nukiliyar da yake fitarwa ne ke rina gilashin a hankali. Kaɗan ne, ba abin fargaba ba ne a wajen ɗaukar hoto na yau da kullum, amma kar a fasa shi, kar a goge shi da abu mai ci, kar a manna gilashin bayan a ido ana leƙe kamar tabarau. Rawayar na cinye ɗan haske, ita kuwa kyamarar dijital tana gyara launin da kanta. In kana son cire ta, hasken UV na wanke ta: a ajiye gilashin bayan ƙarƙashin fitilar UV kwanaki, wani lokaci makonni. Da rana ma ana yi, amma zafi na narkar da giris, kuma lens da ke kallon rana na iya tattara haske ya ƙona abin da ke ƙarƙashinsa, don haka fitila ta fi kwanciyar hankali.

Adafta ɗaya ta ishe ka ga duka ukun, ta ƙarfe wadda ba ta wasa in an ɗaura. Kar ka yi mamaki in nesa ta fito tar tun zoben bai kai ƙarshe ba. Da gangan ake ɗan gajarta yawancinsu, saboda haka ko dutse za ka ɗauka ka faɗaɗa ka duba, kar ka dogara da alamar ∞. Bar 50mm a kan kyamarar wata guda, mafi yawa a f/2 ko f/2.8, zum na cikin jaka. In wata ya cika ka ga kana son yadda hotunan ke fitowa amma yara masu guje-guje suna kuɓuce maka, to ba tsohon gilashi kake bukata ba, sabon 35mm ko 50mm f/1.8 mai fokas da kansa kake bukata. Shi kuma 28mm kar ka rabu da shi don na kushe shi. Ranar da ka koma kyamara mai cikakkiyar sensa zai dawo 28 ɗinsa na ainihi, sai dai ka rufe shi zuwa f/8 kafin kusurwoyinsa su daidaita.